Ceton General Motors: Yadda Gwamnatin Amurka Ta Shiga Kamfanin Mota Ta Kuma Fita, 2008 Zuwa 2013

Kamfanin da tushen ciwonsa

An kafa General Motors, wanda aka fi sani da GM, a garin Flint na jihar Michigan a 1908, daga baya hedikwatarsa ta zauna a Detroit. Tun daga 1931 har zuwa 2007 babu kamfanin da ya kai shi sayar da motoci a duniya. A farkon shekarun 1960, kusan rabin sababbin motocin da ake saya a Amurka nasa ne. Kafin 2008 kasonsa ya zube zuwa kusan kashi 22 cikin ɗari, kuma a wannan shekarar ce Toyota ta sha gabansa.

Ciwon ya daɗe yana cin kamfanin kafin ya kwantar da shi. Motocin Japan sun shigo da sauƙin shan mai da ƙarancin zuwa wajen bakanike, daga baya ma Toyota da Honda da Nissan suka gina masana'antu a cikin Amurka, galibi a jihohin da ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. Shi kuwa GM yana ɗauke da alkawuran da ya yi wa ma'aikata a zamanin da kuɗi ke shigowa kamar ba za su ƙare ba. A Amurka yawanci wurin aikin mutum ne ke biya masa inshorar lafiya, kuma GM ya ɗauki nauyin wannan har bayan ritaya. A wajajen 2005 yana biyan kuɗin lafiyar mutum fiye da miliyan ɗaya, ma'aikata da 'yan fansho da iyalansu, abin da ke ɗora kimanin dala 1,500 a kan kowace mota tun kafin a ɗaura mata taya. Akwai kuma wani tsari da aka shigo da shi a 1984, wanda idan aka rufe masana'anta, ma'aikacin da ya rasa abin yi zai ci gaba da karɓar kusan duk albashinsa.

Bayan wannan, kamfanin na riƙe da sunayen mota takwas a kasuwar Amurka: Chevrolet, Cadillac, Buick, GMC, Pontiac, Saturn, Hummer da Saab. Wasunsu mota ɗaya ce aka sauya wa fuska da tambari, suna gasa da juna. Dillalansa kusan 6,000 ne, kuma dokokin jihohi sun sa sallamar dillali ba ƙaramin aiki ba ne. Lokacin da ya kashe sunan Oldsmobile tsakanin 2000 da 2004, sallamar dillalai da sauran ɗawainiya sun ci masa kimanin dala biliyan ɗaya. Ribar da ke rufa masa asiri tana fitowa ne daga manyan jif-jif da a-kori-kura masu zuƙar mai. Ƙananan motocinsa da ƙyar suke mayar da kuɗinsu.

Maganin gida, 2005 zuwa 2007

Shugabannin kamfanin ba su naɗe hannu ba. Bayan asarar fiye da dala biliyan 10 a 2005, sun biya ma'aikata kimanin 35,000 kuɗin sallama a 2006 don su ajiye aiki da kansu. A shekarar dai suka sayar da kashi 51 na GMAC, reshen da ke ba masu sayen mota da dillalai bashi, ga kamfanin zuba jari na Cerberus. A 2007, bayan yajin aikin kwana biyu, suka cimma yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikatan mota ta UAW: za a mayar da nauyin lafiyar 'yan fansho ga wani asusu mai zaman kansa, sababbin ma'aikata kuma za su fara da kimanin dala 14 a awa, wato wajen rabin abin da tsofaffi ke karɓa.

Matakan sun yi ma'ana, sai dai an tsara su ne bisa zaton za a ci gaba da sayar da mota miliyan 16 zuwa 17 duk shekara a Amurka, kuma babban sauƙin yarjejeniyar sai 2010 zai fara aiki. A 2007 kamfanin ya rubuta asarar dala biliyan 38.7, duk da cewa mafi yawanta gyaran lissafin haraji ne a takarda.

A nan ya kamata a tuna da Ford. A ƙarshen 2006, tun bankuna na sakin kuɗi, ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarin nan nasa, ya ranto kimanin dala biliyan 23.5. A lokacin wasu sun ɗauka alamar ya kusa mutuwa ce. Wannan bashin ne ya hana shi miƙa ƙoƙon bara bayan shekara biyu.

2008: mai ya tashi, bashi ya ƙafe

A watan Yunin 2008 galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka. Jif-jif suka yi kwantai a filayen dillalai. Kafin a farfaɗo daga wannan, bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba, bankuna suka ƙulle aljihu. Ba'amurke ba kasafai yake sayen sabuwar mota da kuɗi hannu ba, bashi yake ci ya riƙa biya wata-wata. Dillalin ma da bashi yake cika filinsa. A watan Oktoba GMAC ya sanar cewa sai wanda makinsa na biyan bashi ya kai 700 zai ba rance, abin da ya fitar da masu saye da yawa daga layi. Cinikin mota a ƙasar ya faɗo daga miliyan 16 da ɗoriya a 2007 zuwa miliyan 13.2 a 2008, zai kuma ƙara faɗowa zuwa miliyan 10.4 a 2009.

GM ya nemi haɗewa da kamfanin mota na Chrysler, wanda shi ma yana kwance, maganar ta watse. A watan Nuwamba ya fito fili ya ce kuɗin da ke hannunsa ba lallai su kai shi ƙarshen shekara yana biyan albashi da masu kawo masa kaya ba. Asararsa ta 2008 ta kai dala biliyan 30.9.

Tafiya Washington sau biyu

Ranar 18 da 19 ga Nuwamba, shugabannin kamfanonin uku, Rick Wagoner na GM da Alan Mulally na Ford da Robert Nardelli na Chrysler, suka zauna gaban 'yan majalisa suna neman rancen dala biliyan 25. Kowannensu a jirgin kamfaninsa ya zo, daga gari ɗaya zuwa gari ɗaya. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wani ɗan majalisa ya nemi duk wanda ya zo a jirgin haya ya ɗaga hannu, babu hannun da ya tashi. Ya sake tambaya ko akwai mai shirin sayar da jirginsa ya koma gida a na haya, nan ma shiru. Wannan hoton shi gidajen talabijin suka yi ta maimaitawa, ya kuma danne duk wata hujja da suka zo da ita. Aka sallame su hannu rabbana, aka ce su dawo da tsari a rubuce.

A farkon Disamba suka dawo, wannan karon a mota, tafiyar fiye da kilomita 800 daga Detroit, cikin motoci masu haɗa fetur da batir. Kuɗin da suke nema kuma ya tashi zuwa biliyan 34. Ford ya ce shi ba ya bukatar kuɗi a lokacin, amma ya zo ne ya roƙa wa abokan gasarsa. Dalilinsa shi ne jigon hujjar masu son a yi ceto: kamfanonin da ke ƙera kujeru da birki da gilashi da wayoyin lantarki duk ɗaya ne suke kai wa GM da Ford da Toyota. Idan babban mai sayensu ya faɗi da bashinsu a wuyansa, su ma za su rufe, kuma mota ba ta fita masana'anta idan ƙarfe ɗaya ya yi ƙaranci. Cibiyar nazarin harkar mota ta CAR da ke Ann Arbor ta ƙiyasta cewa idan kamfanonin uku suka tsaya, ayyuka kusan miliyan 3 za su salwanta a shekarar farko. Masu suka sun nuna cewa cibiyar na da kusanci da masana'antar, kuma lissafin ya ɗauki mafi munin abin da ka iya faruwa.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujja. Mitt Romney, ɗan siyasar jam'iyyar Republican wanda mahaifinsa ya taɓa shugabantar kamfanin mota, ya rubuta a jaridar New York Times cewa a bar kamfanonin su bi ta kotun karyewar arziki, domin idan aka ba su kuɗi haka kawai ba za su sauya hali ba. Sanata Richard Shelby na Alabama yana cikin masu tsananin adawa. Jiharsa dai tana da masana'antun Mercedes da Honda da Hyundai, abin da magoya bayan Detroit ba su gaji da tunatarwa ba.

Majalisar wakilai ta amince da rancen biliyan 14 ranar 10 ga Disamba. Washegari ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa, inda ya sami ƙuri'a 52 alhali 60 ake bukata. Abin da ya kashe shi shi ne ranar da za a daidaita albashin 'yan UAW da na masana'antun baƙi: 'yan Republican na son 2009, ƙungiyar ta ce sai yarjejeniyarta ta ƙare a 2011.

Rancen farko, Disamba 2008

Ranar 19 ga Disamba, saura wata ɗaya ya sauka daga mulki, Shugaba George W. Bush ya ɗebo daga asusun TARP na dala biliyan 700 da aka kafa don ceton bankuna, ya ware biliyan 17.4: biliyan 13.4 ga GM, biliyan 4 ga Chrysler. Shi da bakinsa ya faɗa a wata hira a makon cewa ya ajiye aƙidar kasuwa mai 'yanci ne don ya ceci tsarin kasuwar. An kuma tallafa wa GMAC daban.

Rancen ya zo da sharaɗin kamfanin ya kawo tsarin da zai nuna zai iya tsayawa da ƙafarsa. Bai hana rufe masana'antu ba. Kwana huɗu bayan sanarwar, ranar 23 ga Disamba, jif ta ƙarshe, baƙar Chevrolet Tahoe, ta fito daga masana'antar Janesville a jihar Wisconsin, wadda ke aiki tun 1919. A ranar ce kuma aka rufe ta Moraine a Ohio.

GM ya miƙa tsarinsa ranar 17 ga Fabrairun 2009, haɗe da neman ƙarin kuɗi. Tattaunawarsa da masu binsa bashi da ƙungiyar ƙwadago kuwa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kowa ya ga gwamnati ta riga ta sa hannu a aljihu, don haka kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara yin rangwame.

Maris zuwa Mayu 2009: an sauya salo

Shugaba Barack Obama ya kafa kwamiti a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, Steven Rattner da Ron Bloom ke jan aikin yau da kullum. Dukansu mutanen harkar kuɗi ne, ba su taɓa gudanar da kamfanin mota ba. Suka duba tsarin GM suka ce ya cika kyautata zato: ya ɗauka kasonsa a kasuwa ba zai ci gaba da raguwa ba, ya bar bashi mai yawa, ya kuma ja aikin gyara zuwa shekaru.

A ƙarshen Maris gwamnati ta nemi Wagoner ya sauka, ya sauka, Fritz Henderson ya maye gurbinsa. Aka ba GM kwana 60, Chrysler kwana 30. Aka kuma yi wasu abubuwa biyu da ba su ja hankali sosai ba amma suka yi aiki. Gwamnati ta tsaya wa garantin sababbin motocin kamfanonin, domin babban tsoron da Wagoner ya riƙa nunawa shi ne ba wanda zai sayi mota daga kamfanin da ke gaban kotu, tunda bai san wanda zai gyara masa ita ko ya sayar masa da kayan gyara ba. An kuma ware biliyan 5 don masu kawo sassan mota su riƙa samun kuɗinsu.

Chrysler ya shiga kotu ranar 30 ga Afrilu, ya fito ranar 10 ga Yuni a hannun Fiat na Italiya. Da shi aka gwada hanyar kafin a bi da babban.

A watan Mayu 'yan UAW suka amince da soke wasu alawus, da alkawarin ba yajin aiki har 2015, da karɓar hannun jari a madadin wani ɓangare na kuɗin da GM zai zuba a asusun lafiyar 'yan fansho. Tsarin biyan wanda ba ya aiki an riga an dakatar da shi tun farkon shekara. A tsakiyar watan dillalai kimanin 1,100 suka sami wasiƙar cewa ba za a sabunta yarjejeniyarsu ba. Da yawansu gādon iyali ne, su ne masu ɗaukar nauyin ƙungiyar wasan yara a ƙananan garuruwa.

Abin da ya gagara shi ne masu riƙe da takardun bashin kamfanin na dala biliyan 27. An yi musu tayin kashi 10 na sabon kamfani, suka ƙi, suna cewa ƙungiyar ƙwadago da ke bin ƙasa da nasu za ta sami fiye da nasu. Da aka ƙara musu damar sayen wani kashi 15 nan gaba, masu kimanin kashi 54 na bashin suka yarda. Wannan bai isa a gama magana a wajen kotu ba.

Kwana arba'in a kotu

Ranar 1 ga Yunin 2009 GM ya shigar da takardun karyewa a wata kotu a New York, da kadarori na dala biliyan 82 da bashin biliyan 173. A dokar Amurka shiga irin wannan kotun ba ya nufin rufe shago. Kamfani na ci gaba da aiki yayin da alƙali ke kula da yadda za a rage bashi, amma sai an sami wanda zai ba shi kuɗin gudanarwa a tsawon shari'ar. A shekarar da ake zaune lafiya bankuna ke yin wannan. A 2009 babu bankin da zai iya fitar da biliyan 30 ga kamfanin mota, don haka gwamnati ta zama mai ba da rancen, ta ƙara biliyan 30.1 a kan 19.4 da ta riga ta bayar. Jimilla biliyan 49.5. Gwamnatin Kanada da ta lardin Ontario suka sa kimanin biliyan 9.5, saboda masana'antun da ke ƙasarsu.

Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce raba kamfanin biyu. Aka kafa sabon kamfani ya sayi abin da ke da amfani: Chevrolet da Cadillac da Buick da GMC, da masana'antun da ake so, da harkokin ƙasashen waje. Tsofaffin masana'antu, da filayen da suka gurɓace, da yawancin basussuka da ƙararraki aka bar wa tsohon kamfanin ya riƙa sayarwa a hankali yana biyan abin da ya samu. Alƙali Robert Gerber ya amince, sabon GM ya fara aiki ranar 10 ga Yuli. Baitulmalin Amurka ya riƙe kashi 60.8, asusun 'yan fanshon UAW kashi 17.5, Kanada da Ontario kashi 11.7, masu bin tsohon kamfanin bashi kashi 10. Masu tsohon hannun jari ba su tsira da ko sisi ba.

An sanar da rufe masana'antu da rumbuna fiye da goma da rage ma'aikatan awa kimanin 21,000. An sauke wa kamfanin nauyin fiye da biliyan 40. Ma'aunin da kwamitin ya fi damuwa da shi shi ne wannan: a da GM na bukatar a sayar da mota wajen miliyan 16 a ƙasar kafin ya fita asara, sabon tsari kuwa an gina shi ne don ya tsaya ko da miliyan 10 aka sayar.

An kashe Pontiac. Cinikin Saturn da na Hummer duk sun lalace, aka rufe su. Saab, wanda gwamnatin Suwidin ta ƙi karɓa, an sayar da shi ga wani ƙaramin kamfanin Holan a 2010, ya karye a 2011.

Gwamnati a matsayin mai kamfani

A watannin Yuli da Agusta gwamnati ta kashe dala biliyan 3 tana ba duk wanda ya kawo tsohuwar mota mai shan mai rangwamen dala 3,500 zuwa 4,500 a kan sabuwa. An yi cinikin mota kusan 700,000, Toyota ce ma ta fi kowa samu. Masana da dama sun ce shirin ya jawo cinikin watanni masu zuwa ne kawai ya tara shi a wata biyu.

Masu adawa sun laƙaba wa kamfanin sunan motocin gwamnati, suna hasashen 'yan siyasa za su riƙa zaɓar motar da za a ƙera da garin da za a bar wa masana'anta. Gwamnatin ta naɗa yawancin 'yan hukumar gudanarwa, ta kawo Ed Whitacre, tsohon shugaban kamfanin sadarwa na AT&T, ta ƙayyade albashin manya, sannan ta ja da baya daga harkar yau da kullum. A watan Nuwamba sabuwar hukumar ta soke sayar da Opel, reshen GM da ke Jamus, duk da fushin gwamnatin ƙasar. A Disamba ta rabu da Henderson. Katsalandan ɗin da ya fito fili daga majalisa ya zo: dillalan da aka sallama sun bi 'yan majalisunsu, aka yi dokar da ta ba su damar ɗaukaka ƙara, ɗaruruwa suka dawo. Maimakon 3,600 da aka tsara, GM ya ƙare da dillalai wajen 4,500.

A Afrilun 2010 kamfanin ya yi talla cewa ya biya rancen gwamnati gaba ɗaya tun kafin lokaci. Biliyan 6.7 ɗin da aka rubuta a matsayin rance ya biya, kuma daga wani asusun kuɗin gwamnatin da bai taɓa ba. Mafi yawan kuɗin jama'a na nan a hannun jari. An soki tallar, kuma sukar na kan hanya.

Fita, 2010 zuwa 2013

Ranar 18 ga Nuwamban 2010 GM ya koma kasuwar hannun jari a kan dala 33, aka tara fiye da biliyan 20, kason gwamnati ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kamfanin ya ci ribar biliyan 4.7 a 2010, da biliyan 7.6 a 2011. Kafin gwamnati ta mayar da kuɗinta cif, sai an sayar da ragowar hannun jarin a kan dala 53 ko kusa da haka, farashin kuwa bai kai can ba. Ta zaɓi ta sayar da asara maimakon ta zauna jira. Ranar 9 ga Disamban 2013 ta sayar da na ƙarshe. Ta sa biliyan 49.5, ta karɓo kimanin 39, asarar ta tsaya tsakanin biliyan 10 da 11. Idan aka haɗa da Chrysler da kamfanonin ba da bashi, shirin duka ya ci kimanin biliyan 80, asararsa ta kai biliyan 9.3. Cibiyar CAR ta ce ceton GM kaɗai ya tsare ayyuka miliyan 1.2 a 2009, adadin da wasu masana ke ganin ya yi yawa tunda wasu kamfanoni za su sayi masana'antu masu kyau ko da an yi gwanjo. Cinikin mota a ƙasar ya koma sama da miliyan 17 a 2015.

Waɗanda ceton bai kai gare su ba

Tsofaffin ma'aikatan ofis na Delphi, kamfanin sassan mota da aka ɓalle daga GM a 1999, su kimanin 20,000, an mayar da fanshonsu hannun hukumar inshorar fansho ta gwamnati, da yawa aka rage musu. Abokan aikinsu 'yan ƙungiya GM ya cika musu nasu saboda wata tsohuwar yarjejeniya. Cikin masu takardun bashi ma akwai tsofaffi da suka zuba ajiyarsu suna ganin GM ba zai taɓa faɗuwa ba.

A 2014 aka gano cewa wasu a kamfanin sun san shekara da shekaru cewa makunnin wasu ƙananan motoci na iya juyawa mota na cikin tafiya, inji ya mutu, sitiyari ya yi nauyi, jakar iska ta ƙi buɗewa. An janye mota miliyan 2.6, asusun diyya ya amince da mutuwar mutum 124, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 900. Lauyoyinsa sun yi ƙoƙarin fakewa da cewa laifin tsohon GM ne, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda a 2016.

Birnin Detroit kansa ya shiga kotun karyewa a watan Yulin 2013 da bashin kimanin biliyan 18, a shekarar da kamfanin da hedikwatarsa ke tsakiyar birnin yake cin riba. Masana'antar Janesville ba ta sake buɗewa ba, daga baya aka rushe ta. Ta Moraine wani kamfanin gilashin mota na Sin, Fuyao, ya saya a 2014, albashinsa bai kai na da ba.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina shigar gwamnati ta yi daidai a wannan lamarin, amma dalilin ya fi ƙunci fiye da yadda magoya bayanta ke faɗa. Girman GM da tarihinsa ba su isa hujja ba. Hujjar ita ce a farkon 2009 babu mai ba da rance, don haka zaɓin da ke gaba shi ne ko gwamnati ta biya kuɗin shari'ar ko a yi gwanjon kamfanin a lokacin da ba mai saye, a ja masu kawo sassa da Ford a faɗa rami tare. Romney ya yi gaskiya cewa sai an bi ta kotu, kuma ta kotun aka bi. Inda maganarsa ta yi rauni shi ne zaton 'yan kasuwa za su kawo kuɗin.

Rancen Disamba lokaci kawai ya saya, duk da cewa ba don shi ba da babu kamfanin da za a gyara a watan Yuni. Gyaran ya zo ne lokacin da aka sa wa'adi, aka cire shugaba, aka nuna wa masu bin bashi da ƙungiya da dillalai cewa kotu za ta yanke abin da suka ƙi yankewa. Abin da shugabannin GM suka kasa cikin shekara ashirin an yi shi cikin kwana arba'in, domin alƙali na da ikon warware alkawuran da su ba su da ikon warwarewa. Birtaniya ta karɓi kamfanin mota na British Leyland a 1975 ba tare da irin wannan wuƙar ba, ta yi shekaru tana zuba kuɗi, ragowar kamfanin ya rufe a 2005 da sunan MG Rover.

Akwai kuma abin da gwamnati ba ta ƙirƙira ba, wato masu saye. Ba'amurke bai daina son a-kori-kurar Chevrolet ba, bashi ne ya yanke masa, da bashi ya dawo shi ma ya dawo. Mai karatu a Kaduna zai tuna da kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a garin a 1975, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. Ɗauke bashi bai dawo da zamanin 504 ba, domin masu sayen sun riga sun koma ga motocin hannu da ake shigowa da su, ga tsadar wuta da ta kuɗin waje. Duk gwamnatin da ke son kwaikwayon Amurka sai ta fara tambayar ko kamfanin nata kasuwa ce ta tsaya masa na ɗan lokaci, ko kuwa ta tafi.

Inda nake ganin masu suka sun fi ƙarfi shi ne rabon asara. Siyasa ta shiga wajen tantance wanda zai sha da yawa da wanda zai sha kaɗan, ma'aikacin ofis na Delphi da ba shi da ƙungiya ya sha fiye da maƙwabcinsa. Kuma kuɗin jama'a kamfani suka ceta, ba a ɗaura masa wani dogon alkawari game da garuruwan da ya dogara da su ba. A Nuwamban 2018, yana tsaka da cin riba, GM ya sanar da dakatar da aiki a wasu masana'antu, har da ta Lordstown a Ohio, wadda ta fitar da motarta ta ƙarshe a Maris 2019. 'Yan siyasa na jam'iyyun biyu sun yi ta tuna masa da kuɗin 2009, amma gwamnati ta sayar da hannun jarinta shekara biyar kafin nan, ba ta da ƙuri'a ko ɗaya a hukumar da ta yanke shawarar.